Baiwa Biyu a Bakin Kalangu

Malam, gyara alƙalaminka ka bar kallon hannuna. Rawar da yake yi ba ta tsufa kaɗai ba ce. Da sunan Allah nake farawa, shi ya san abin da na yi da gangan da abin da ya kuɓuce mini.

Sunana Sale. Ɗan gidan makaɗa ne ni, daga wani ƙauye kudu da birnin Kano, kalangu muka gada. Mu biyar ubanmu ya bari a gari mai mahauta uku, har ta kai in an yanka akuya mun fi masu sayen naman yawa. Sai na ji fatake suna cewa can yamma, ƙasar Sarkin Musulmi, ana ta kafa garuruwa, ga noma ga kiwo, babu mai yi musu kiɗa. Ban tsaya na tambayi abin da ya sa babu ba. Abin da na fita nema bai wuce wannan ba: gari guda da zai ce mini "zauna, kai ne makaɗinmu" kafin ruwan fari ya sauka, don baƙon da damina ta samu ba gona ba uban ɗaki ya san sauran. A kan wannan nema na jawo wa mutanen da suka tsince ni a hanya igiya, kuma labarin da za ka rubuta ke nan.

Na bi ayarin masu baƙin yadi. Madugun ya ce in riƙa yi musu kiɗa a kowane zango, shi kuma ya ci da ni. Muka yi kwana shida a haka, ina kiɗa ina cin tuwo. Da muka shiga dajin Zamfara sai ya ce kul, kada in kuskura in taɓa kalangun nan, mahara na jin kiɗa daga nesa. Na ce to. Da aka sauke tukunya na matso, sai ya sa ƙafa ya tare ni, ya ce, "Yau ka yi kiɗa?" Na ce kai ka hana. Ya ce, "To ni ma yau ban yi tuwo ba." Ayari duka suka fashe da dariya. Daga ranar na koma korar jakuna don in sami ƙanzo, ni da ban taɓa riƙe sandar da ta fi ta kiɗa kauri ba. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan, har yau ban janye ba.

A Dingyadi na rabu da su. Bazara ta kama sosai, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, shamuwa ta fara sauka a kan kuka. Na yi sallama a bakin wata rijiya, wani ya dube ni ya ce, "Ina kah hito? Mi kaka biɗa?" Na tsaya sororo. Hausa ce, amma sai da ya maimaita sau uku na gane yana tambayar inda na fito da abin da nake nema. Da na ba shi amsa sai ya kira 'yan'uwansa su zo su ji yadda Bakano ke lanƙwasa baki. Suka sa ni na faɗi sunan tuwo da na miya da na jaki suna ta sheƙa dariya, sannan suka ba ni ruwa.

A nan na fara ganin yadda suke kwanakinsu. Daga yammacin Laraba in an tashi makarantu gari ya saki jiki ke nan sai Juma'a ta wuce. Alhamis da safe gayya: yau a yashe rijiya, wani mako a baibaye ɗakin wata tsohuwa, ko a share gonar wanda ba shi da hannu. La'asar ta yi 'yan mata su fito gaɗa. Juma'a bayan an sauko masallaci kuwa kokawa, gari ya gayyaci gari. Na ce a raina, Sale, ka iso. Amma suna da makaɗinsu, wani mai ido ɗaya, da ya ga jakata ya raka ni har bayan gari da kansa don ya tabbata na wuce.

Sifawa garin malamai ne, ko'ina ka juya allo. Wani dattijo ya ga bakin kalangu ya leƙo daga jaka, ya kira ni gefe, ba da faɗa ba. Ya ce, "Ɗiyana, ɓoye wanga abu. Nan ba mu son shi. In kana jin shawara, hwasa shi ka ɗauki allo." Na ce na ubana ne. Ya girgiza kai, ya shiga gida ya fito mini da dunƙulen fura biyu a ganye. A nan na gane abin da ya sa fatake suka ce babu makaɗa. Na zauna a gindin wata tsamiya na ci furar gaya, ba nono, na tuna yadda uwata ke dama mini da yaji, hawaye ya zubo mini kamar ƙaramin yaro.

Sai Bodinga. Aka ce in ina son buga ko da tafi ne a garin, sai na gaida Sarkin Kiɗa. Tsoho ne siriri mai jan haƙora, bakinsa kamar zuma. Ya karɓe ni hannu biyu, ya ce baƙon makaɗi ɗan'uwa ne. Ya ce in buɗe jaka. Ya ga fatun kalangu huɗu da na zo da su na ajiya, jimar ubana, ya shafa su ya ce gaisuwa ta yi, ya tura su ƙarƙashin tabarma. Sannan ya ce in taɓa ya ji. Na zage na yi masa kiɗan da ban taɓa yi wa kowa ba. Ina yi ina ganin murmushinsa yana bushewa, amma ni wawa na ɗauka mamaki ne.

Ya ce, "Gobe da sahe tahi babban gidan ga na gabas da kasuwa. An yi haihuwa, suna za a yi. Tsaya bakin zaure ka buga da ƙarhi, kak ka ji kunya. Masu kyauta na."

Washegari na je. Na ga mutane zaune cike da ƙofar gida, na ce lalle babban suna. Baƙo ko da ido makaho ne. Ban lura ba mai dariya, ban lura da tasbaha a hannun kowa ba. Na gyara tsayuwa na saki kiɗan barka. Malam, maigidan ne ya rasu, kwana uku ke nan, zaman makoki ake yi.

Bayin gidan suka fito da taɓare da itacen wuta. Na rungume kalangu na ba su baya. Wani ya samu kafaɗata ta hagu, na ji ta ce ƙas, hannun ya sauka kamar ba nawa ba. Suka ja ni a ƙasa har bakin kasuwa suka yar. Ina kwance ina hango Sarkin Kiɗa a wata rumfa yana ɓare goro, ko kallona bai yi ba.

Na kama hanyar kudu don ita ce a gabana. Ban san iya tafiyar da na yi ba. Na dai san rana ta take, harshena ya manne, na faɗi kusa da wata gona da ake sassabe a wajen Shagari. Na farka na ji ana ɗiga mini ruwa a baki. Wani ƙato ne baƙi, wuyansa kamar turmi, ya durƙusa a kaina. Ya ce, "Sannu bawan Allah. Wa yai maka wanga aiki?" Bai jira amsa ba. Ya rataya jakata, ya saɓa ni a kafaɗa kamar damin gero ya kai ni gidansa.

Barmo ke nan. Manomi ne, kuma shi ne zakaran kokawar wannan yanki. Gidansa a wata 'yar unguwa yake bayan gari, shi da matarsa da 'yarsu mai rarrafe, da uwarsa, Inna Dije. Ya kira maɗori ya mayar mini da kafaɗa, na yi ihun da ya tashi kajin unguwa. Inna Dije ce ta yi jinyata. Tsohuwa ce mai shiru, ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa biki, ko rijiya sai in ba kowa. Ranar farko ta kawo mini kunu, na ce, "Sannu da aiki, Inna, Allah ya saka." Sai ta dube ni ta ce, "Kai mutumin ina ne?" Da bakin Kano ta faɗa, tsaf, ba irin na mutanen nan ba. Na gaya mata sunan ƙauyenmu. Ta ajiye ƙwaryar ta fita. Da yamma sai ga tuwon dawa da miyar kuka an sa daddawa yadda ake sawa a gida. Na ci ina kuka, ita tana bakin ƙofa ta juya mini baya.

Mako uku na yi a gidan nan. Ba wanda ya taɓa tambayata yaushe zan tafi. Da hannun ya fara ɗaguwa Barmo ya kai ni gayyar Alhamis, ana yasar rijiyar unguwa, ya ce wa mutane, "Ga makaɗi Allah ya kawo muna." Shagari ba su da mai kalangu a lokacin. Na zauna a kan kututture na taɓa musu kaɗan-kaɗan, masu jan guga suka kama waƙa, aikin yini ya ƙare kafin azahar. Da la'asar 'yan mata suka aiko a roƙe ni in zo gaɗa. Dattawa suka fara cewa in Juma'ar kokawa ta yi kyau za su yi wa hakimi magana a yanka mini gona. Abin da na baro gida dominsa ya zo har bakin hancina.

Me makaɗi ke da shi da zai saka wa mutum? Take. Na zauna na ƙera wa Barmo nasa: "Barmo ɗan baiwa, ƙasa ba ta san bayanka ba."

To Malam, a nan sai ka saurara da kyau. Ka ce a rubuce kalma ɗaya ce? A baki biyu ce. Akwai baiwa ta kyautar Allah, wadda ake cewa wane yana da baiwa. Akwai kuma baiwa ta bauta, macen bawa. Kalangu ba shi da harshe, sama da ƙasa kawai ya sani. In ka matse tsarkiyarsa da hammata murya ta hau, in ka saki ta sauka. Baiwar kyauta, ka matse a farko ka saki a ƙarshe, shi ke nan. Ɗayar kuwa, ka matse ka saki nan take, sannan ka sake matsewa a ƙarshe. Tsakanin yabo da zagi matsi ɗaya ne na hammata, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa kunnensa ya san bambancin.

Barmo ya ji taken ya yi ta dariya kamar an ba shi doki. Yara suka kama shi a unguwa. Amma ran Laraba da hantsi, Barmo yana gona, ina gwada shi a tsakar gida, sai Inna Dije ta ajiye tankaɗe ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Sale, don Allah sake wannan kalma."

Na ce, "Wace, Inna?"

Ta ce, "Baiwar nan." Sannan ta gaya mini abin da ko ɗanta bai sani ba. Ita 'yar wani ƙauye ce da ke kusa da namu, har ta faɗi sunan ubanta, masaƙi, kuma na san zuriyar, na ci kasuwa da su. Tana yarinya mahara suka ɗauke ta a bakin rafi, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har Bodinga, wani babban gida gabas da kasuwa. Suka raɗa mata suna Nagode. Aka haɗa ta da wani bawan gidan, ya mutu ya bar ta da ciki. Ta san abin da ke cikin nan dukiyar gidan ne, don ɗa uwarsa yake bi. Sai ta gudu. Wasu Fulani suka ɓoye ta a ruga shekaru, daga baya ta zauna a nan a matsayin gwauruwa daga gabas. Shekara talatin ba ta yarda idon mutumin Bodinga ya sauka a kanta ba.

Ta ce, "Na san abin da kake nufi alheri ne. Amma duk sa'ad da ka buga, gabana faɗuwa yake."

Ka san abin da na ce mata? Na bugi ƙirji. Na ce, "Inna, ni jikan makaɗa ne. Tun ina shekara bakwai hannuna bai taɓa tuntuɓe ba. Gari ya riga ya kama taken nan, in na sake shi yanzu ai shi ne za a tambayi dalili." Ban tsaya nan ba. Na ce ta fito ran Juma'a ta ga ɗanta sau ɗaya a fage, ta lulluɓe, ta tsaya cikin mata, wa zai kula da tsohuwa? Na yi mata alkawari zan buga kiɗan gaɗar garinsu, wanda rabonta da shi tun tana ɗaura ɗan zane. Da na taɓa mata shi a hankali sai leɓenta ya fara motsi, ta tuna waƙar. Da wannan na ja ta, Allah ya gafarta mini.

Juma'a ta zo da zafi mai tsanani, hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Aka sauko masallaci aka cika fage a gindin gawo. Masu fura da masu ƙosai suka jera, mata a gefe guda. Baƙin ranar samarin Bodinga ne, kuma wa ke gabansu da ganga? Sarkin Kiɗa. Ya gan ni ya yi murmushi, ya ce, "Ashe kana nan da rai, mai kiɗan suna."

Na buga gaɗar da na yi alkawari. Na hango Inna can baya cikin mata, lulluɓe, kanta yana ɗan kaɗawa. Wannan kaɗai na ba ta a duniya.

Aka shiga kokawa. Tun daga tsakiya kafaɗata ta fara zugi. Maratayin kalangun yana cin daidai wurin da aka ɗora, sai na tuɓe shi na riƙe kalangun da hammata kawai. Da hankali ne da na ajiye na ce na gaji. Amma dattawan da za su yi mini maganar gona suna zaune suna kallo, ga Sarkin Kiɗa yana jiran ya ga na kasa.

Barmo ya fito ya kama da zakaran Bodinga. Ba su daɗe ba. Ya shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga shi sama ya shimfiɗa a ƙasa, fage ya ɗauki sowa. Barmo ya juyo gare ni yana haki, ya ɗaga hannu, yana jiran takensa. Kowa ya yi tsit don a ji. Na matse na buga "Barmo ɗan", na ɗora sanda a kan "bai", sai wani abu ya soke ni a kafaɗa kamar an zura basilla. Hannun ya saki. Kalangu ya sulluɓe zai faɗi, na cafke shi da hammata da iyakar ƙarfina, daidai lokacin da sanda ta sauka a kan "wa".

Ya fita tar, kowa ya ji: ɗan baiwa, ɗan macen bawa.

Samarin Bodinga suka kwashe da dariya, sun sami abin huce kaye. Sarkin Kiɗa ya maimaita shi a gangarsa sau biyu. Mutanen Shagari suna zagina, Barmo kansa dariya yake yana yi mini daƙuwa, don a wurinsa tuntuɓen hannu ne kawai. Da a nan ta tsaya da an manta kafin magariba. Amma cikin taron nan duka mutum ɗaya ce ta yi salati da ƙarfi, ta ture mata ta kama gudu, lulluɓinta ya zame. Sarkin Kiɗa ya yi shekara da shekaru yana kiɗa a ƙofar gidan nan na gabas da kasuwa. Ya bi ta da ido, ya ƙanƙance su, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Nagode!"

Ta waiwayo. Shekara talatin, amma wuyanta bai manta ba.

Ran Lahadi da safe wakilin magadan gidan nan na Bodinga ya iso da mutum huɗu. Ana cikin rabon gado ne, ga kuma kai biyu sun faɗo daga sama, ɗaya ma ƙato mai noman mutum uku. Kafin a zauna, wakilin ya sa aka kira ni bayan wata rumbu. Mutum ne mai tattausar murya. Ya ce ya tuna ni, ni ne na yi musu kiɗa a makoki. Ya ce, "Kai wa yas san ka ƙasag ga? Wa zai tsaya ya ce kai ɗa na ba bawa ba? In mun ce daga gidanmu kag gudo, wa ka musu?" Ya bari wannan ya shige ni. Sannan ya dafa kafaɗata, mai ciwon, ya ce, "Amma kalangu bai ƙarya, wani abu kaj jiya cikin gidan ga. Hwaɗi gaskiya gaban mutane. Gidanmu na son makaɗi. Ga gona, ga ɗaki, ka zamna."

Kalmar da na ƙetare dajin Zamfara don in ji, ga ta an faɗa mini.

Aka zauna a gindin tsamiya, wani malami mai yanke shari'a a tsakiya. Inna Dije ta tsaya ƙyam. Ta ce sunanta Dije, ba ta san wata Nagode ba, ta waiwaya ne don ta ji ihu. Ban taɓa ganin ƙarfin hali irin nata ba. Barmo yana gefenta yana huci, yana cewa a nuna masa wanda zai taɓa uwarsa. Dattawan Shagari suka ce sun san ta shekaru, ba su san ta da uban gida ba. Sai wakilin ya ce a tambayi baƙon da ke kwana a gidan.

Na tashi. Inna ta dube ni, ba roƙo a idonta, kallo ne irin na wadda ta san ɗan ƙasarsu ba zai yi ba. Na kau da kai na dubi igiyar da ke hannun ɗaya daga mutanen wakilin, na ji kamar a wuyana take. Na buɗe baki na faɗi duka, har rugar Fulanin.

Barmo ya ce, "Ƙarya kake, Sale! Inna, ce mishi ƙarya shikai!"

Sai Inna ta zauna a ƙasa a hankali, ta ce, "Ya isa. Ni ce Nagode."

Malamin ya ce tunda ta amsa da bakinta, magana ta ƙare, ita da abin da ta haifa na gidan ne. Sai a lokacin hankalina ya dawo. Na yi tsalle na ce a tsaya, ai ba a ji ƙarshen ba, matar nan 'ya ce, sato ta aka yi, na san garinsu, na san gidan ubanta, a aika a tambaya! Malamin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Shaidar makaɗi ba ta shiga nan. Ba da maganarka nay yanke ba, da tata na."

Wani tsoho daga dattawan ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "Kai wawa na. Shaidunsu biyu, kai da Sarkin Kiɗa, duk makaɗa. Ba su da komi. Da ka yi kurum da sun koma hannu wofi." Ya tofar da yawu kusa da ƙafata ya wuce. Na nemi wakilin na tuna masa gonar, ya ce wace gona, shi bai tuna ya yi magana da ni ba.

Da azahar aka fito da su. Sai da mutum shida suka taru kafin a ɗaure Barmo, kuma bai bari ba sai da uwarsa ta ce ya bari. Matarsa tana biye da goyo tana kururuwa har mata suka riƙe ta. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa. Ina tsaye a bakin hanya da jakata, don ba gidan da zan koma. Da suka zo daidai ni Barmo ya ja ya tsaya, igiya ta miƙe. Na ɗauka zai tofa mini yawu, kuma da na fi son haka. Sai ya ce, "Sale, buga man takena sau guda. Na ƙwarai."

Na fito da kalangu. Kafaɗar tana ci kamar wuta, na cije. Na buga masa shi sau uku: Barmo ɗan baiwa, ƙasa ba ta san bayanka ba. Kowane ya fita daidai, matsi a farko, saki a ƙarshe, ko ubana ba zai gyara mini ba. Barmo ya sunkuyar da kai.

Inna Dije ta juyo ta dube ni, ta dubi kalangun. Da bakin garinmu ta yi maganar, a hankali, kamar ranar da ta kawo mini kunu.

Ta ce, "Ashe ka iya."

Aka ja igiya suka wuce. Kafin su ɓace ruwan fari ya sauko, ya jiƙa gonar da Barmo ya share, wadda ya tsince ni a bakinta.

Ban sake ganinsu ba, ban kuma sake sa kalangu a hammata ba. Dako na yi, da jima, har na tsufa a garuruwan mutane. Abin da ke hana ni sakat shi ne ta tafi tana ganin da gangan na yi tun daga fage. Don haka ka rubuta, Malam, ka rubuta da kyau: na ran Juma'a kafaɗa ce, wallahi kafaɗa ce. Na ran Lahadi kuwa kada ka nema mini uzuri. Lafiyar bakina ƙalau.